Mahaƙa Kwal na Kingswood: Yadda Bishara Ta Kai Ga Mutanen Da Ba Sa Shiga Coci

A farkon shekarar 1739, duk wanda ya fita daga birnin Bristol na ƙasar Ingila ya nufi gabas, tafiyar mil uku zuwa huɗu za ta kai shi Kingswood. Da can kurmin sarki ne, wurin farauta. Kafin wannan lokaci an sare yawancin itatuwan, ƙasar ta cika da ƙananan ramukan kwal da bukkokin mahaƙa a warwatse, babu tsarin gari, babu makaranta, babu coci. Kwal ɗin da suke haƙowa shi ke hura wuta a gidajen Bristol da masana'antunta, amma mutanen birni tsoronsu suke ji. A 1727 mahaƙan sun fito sun farfasa shingayen karɓar kuɗin hanya, kuma sunan da aka san su da shi ke nan: mashaya, masu faɗa, waɗanda ba sa tsoron Allah, ba sa jin kunyar mutum.

A kan takarda, kowannensu yana da coci. Cocin Ingila ya raba ƙasar gunduma-gunduma, kowace gunduma da limaminta, ba wani yanki na ƙasa da ba shi da mai kiwo. Wannan ne ya sa lamarin ya cancanci nazari ga duk ikilisiyar da ke kewaye da mutanen da suka san sunan Yesu, suke jin ƙararrawa ko waƙa daga nesa, amma ƙafarsu ba ta taka ƙofar majami'a.

Abin da ya tsaya tsakaninsu da ƙofa

Wanda bai duba da kyau ba zai ce taurin zuciya ne. Akwai shi, kamar yadda yake cikin kowane ɗan Adam, amma a gabansa akwai wasu shingaye da ido ke gani. Cocin gundumar yana da nisa, kuma an gina shi ne tun kafin jama'a su taru a wurin ramukan. A coci-coci da yawa na wancan zamani kujerun haya ne: masu hali su biya, su samu wurin zama mai ƙofa na iyalinsu, talaka ya raɓa a benci can baya ko ya tsaya. Mahaƙi kuwa ƙurar kwal ta shiga fatarsa, ba shi da tufar da zai zauna da ita kusa da attajiri. Yawancinsu ba su iya karatu ba, sujadar kuma daga littafi ake bin ta, wa'azin ma karanta shi ake yi da harshen masu ilimi. A kan duk wannan, sun san yadda ake kallonsu.

Ba a rufe musu ƙofa da kwaɗo ba. An bar ta a buɗe, aka kuma ɗauka cewa buɗewar ta wadatar. Kuskuren da ikilisiyoyi ke maimaitawa ke nan har gobe: su ƙara waƙa, su gyara gini, su buga takardar gayyata, alhali ba wanda ya je ya tambayi mutanen me ya hana su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a tsara komai, mutum biyu-biyu su zagaya gidaje hamsin zuwa ɗari, ba da nufin wa'azi ba, su yi tambaya uku ko huɗu kawai: ko kun taɓa zuwa coci, me ya sa kuka daina, wane lokaci ne kuke da sarari a mako, me ya fi damun mutanen wannan wuri. A rubuta amsa da kalmomin mai ita, kada a gyara, kada a yi musu. Sau da yawa abin da ke fitowa ba shakkar Allah ba ce. Aikin ranar Lahadi ne, ko kunyar tufa, ko maganar kuɗin baiko da ake tarawa a coci, ko wata magana da wani dattijo ya yaɓa wa mutum shekara goma da suka wuce.

Fita

George Whitefield yana da shekara 24 lokacin da ya iso Bristol a watan Fabrairu 1739. Limamin Cocin Ingila ne, amma an hana shi mumbarin birnin saboda zafin wa'azinsa a kan sabuwar haihuwa, wato sai Allah ya sabunta zuciyar mutum kafin ya sami ceto. Tun da ya riga ya je Amurka, wasu suka yi masa gatse cewa in dai neman waɗanda ba su san Allah ba yake yi, ga mahaƙan Kingswood nan kusa. Ya ɗauki maganar da gaske. Ranar Asabar, 17 ga Fabrairu, ya hau wani tudu a Kingswood ya yi wa kimanin mutum 200 wa'azi a fili. Da ya dawo, taron ya kai dubbai. Shi da kansa ya ba da labarin alamar farko da ya gani cewa magana ta shiga: fararen layuka a kan baƙaƙen kumatu, inda hawaye ya wanke ƙurar kwal.

Whitefield yana shirin komawa Amurka, don haka ya aika wa John Wesley ya zo ya karɓi aikin. Wesley ya iso ranar 31 ga Maris, yana da shekara 35, malamin jami'ar Oxford, mutum mai son tsari da ladabi ƙwarai. Ya rubuta cewa a da yana ganin ceton rai ma kusan zunubi ne in ba cikin coci aka yi shi ba. Washegari ya koyar da wata ƙaramar ƙungiya Wa'azin Kan Dutse, ya kuma lura cewa shi kansa wannan wa'azi a fili Ubangiji ya yi shi. Ranar 2 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma, ya tsaya a wani ɗan tudu a gefen birni ya yi wa kimanin mutum 3,000 magana daga Luka 4:18, inda Yesu ya ce an shafe shi domin ya yi wa matalauta bishara.

Abin da ya fi wahala a nan zubar da girma ne. Wesley bai taɓa ɓoye cewa wa'azin fili nauyi ne a gare shi ba, har tsufansa. A watan Agusta na shekarar, Bishop Joseph Butler na Bristol ya gaya masa cewa ba shi da hurumi a wannan yanki, ya tafi. Bai tafi ba. Duk ikilisiyar da za ta fita ta sa a ranta cewa suka ta farko daga cikin gida za ta zo, daga mutanen kirki masu ganin an ƙasƙantar da abu mai tsarki.

Akwai ƙananan dabaru a cikin fitar da ake yawan tsallakewa. Whitefield da Wesley sun zaɓi wurin da mutanen suka riga suka saba tsayawa, ba wanda ya yi wa mai wa'azi daɗi ba. Sun zaɓi lokacin ma'aikata: wa'azin ƙarfe biyar na asuba ya zama al'adarsu domin mutum ya ji kafin ya shiga aiki. Sun guji sa'o'in sujadar cocin gunduma, don kada a ce suna satar tumaki. Wesley ya saukar da harshensa da gangan, ya bar kalmomin jami'a. Waƙa kuma ana karanto ta layi-layi jama'a na amsawa, saboda wanda bai iya karatu ba ya samu shiga, daga nan koyarwa ta bi shi har cikin rami. Sannan sun dawo. Wuri ɗaya, rana ɗaya, mako bayan mako, har mutane suka san inda za su same su. A yau a ƙara da abu biyu: a nemi izinin hukuma inda doka ta buƙata, kuma kada a cika wa unguwa kunne da lasifika, domin maƙwabcin da aka hana barci an riga an rasa shi kafin a buɗe baki.

Bayan an ce amin

Nan ne zuciyar lamarin. Taron dubbai yana watsewa cikin rabin sa'a. Mutumin da ya yi kuka da yamma zai koma bukkarsa, ga abokan shansa, ga bashinsa, ga matar da ya saba duka. Wa zai san sunansa ranar Laraba?

Wesley ya fara da tara waɗanda magana ta taɓa cikin ƙungiyoyi. Da ɗakunan da suke haɗuwa suka yi kaɗan, aka sayi fili a unguwar Horsefair cikin Bristol, aka aza harsashin wani gini a watan Mayu 1739, wanda har yau yana nan, shi ne ginin Metodis (sunan da aka san mabiyan Wesley da shi) mafi tsufa a duniya. A Kingswood kuma aka gina makaranta domin 'ya'yan mahaƙa, aikin da Whitefield ya fara Wesley ya kammala. Ginin Bristol ya bar bashi. Ranar 15 ga Fabrairu 1742 aka zauna kan yadda za a biya, sai wani Kyaftin Foy ya kawo shawara kowane ɗan ƙungiya ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce masa da yawa ba su da ko kwabon. Ya ce to a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya mafi talauci, zai bi su gida-gida kowane mako, wanda ba shi da shi, shi zai biya masa. Wasu suka ce su ma za su yi haka. Aka raba ƙungiyar kashi-kashi, mutum goma sha biyu kowane kashi, ana kiransa aji.

Kuɗi aka fita nema, sai aka tsinci abin da ya fi kuɗi. Masu karɓar kwabo suka fara dawowa da labari: wane mun same shi a buge, wane suna faɗa da matarsa, wance tana kwance ba lafiya ba wanda ya sani. Wesley ya gane cewa ga abin da ya daɗe yana nema, hanyar sanin halin kowane mutum ɗaya. Ya baza tsarin zuwa Landan da sauran wurare.

Ba a daɗe ba aka sauya bin gida-gida zuwa haɗuwa wuri ɗaya, kuma dalilan suna da amfani ga mai tsara ziyara a yau. Bin gida goma sha ɗaya kowane mako ya fi ƙarfin mai aikin yini. Da yawa barori ne ko masu zama a gidan dangi, masu gida ba sa yarda a shigo. Inda aka yarda ma, ba a samun keɓewa, mutum ba zai faɗi damuwarsa a gaban ubangidansa ba. Kuma idan biyu sun saɓa, kowa ya ba da nasa labari, ba a gane gaskiya sai an haɗa su fuska da fuska. Don haka aji ya zama taron mako-mako na kimanin sa'a ɗaya, a ɗakin wani daga cikinsu.

Yadda ake tafiyar da shi ba shi da wuya. Waƙa, addu'a, sannan shugaban aji ya fara faɗin nasa halin na wannan mako, inda ya yi nasara da inda ya faɗi. Bayan haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: yaya ranka yake? Ya saurara, ya ba da shawara, ko ƙarfafawa, ko tsawatawa a taƙaice, ya wuce ga na gaba. A rufe da addu'a, a karɓi kwabo. Ba darasi ake koyarwa ba, ba wa'azi na biyu ba ne. Shugaban yana da takarda mai sunayen mutanensa inda yake sa alamar wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma sau ɗaya a mako yana ganawa da mai wa'azi da ma'aji, ya miƙa kuɗi, ya faɗi wanda ke ciwo da wanda ya fara kaucewa. Shugabannin nan ba limamai ba ne. Maƙera ne, masaƙa, mahaƙa, mata ma suna riƙe da azuzuwa.

Goma sha biyu ba lambar tsafi ba ce, lissafi ne. Idan kowa zai samu minti huɗu, mutum goma sha biyu sun cinye kusan minti hamsin, saura na waƙa da addu'a. In suka kai ashirin, masu baki za su cinye lokaci, masu kunya su yi shiru, shirun kuma shi ne matakin farko na ɓacewa. A taron mutum ɗari biyar kujera ɗaya da ba kowa ba ta cewa komai. A ɗakin mutum goma sha biyu, kowa ya san ta wane ce.

Abu mafi muhimmanci shi ne sharaɗin shiga. Dokokin ƙungiya da aka buga a 1743 sun sa sharaɗi ɗaya tak: mutum ya kasance yana marmarin tsere wa fushi mai zuwa, ya kuma sami ceto daga zunubansa. Ba a ce sai ya riga ya tuba ba, ba a ce sai ya iya ba da shaida ko ya haddace koyarwa ba. Da yawa sun shafe watanni a aji kafin su iya cewa sun gaskata. Ƙofa mai faɗi ce, amma a ciki akwai abin da ake jira daga gare ka: ka bar mugunta, ka yi alheri, ka riƙe hanyoyin alherin Allah, wato sujada, Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ƙoƙo domin tunawa da mutuwar Yesu), addu'a, karatun Littafi Mai Tsarki da azumi. Duk wata uku mai wa'azi yana ganawa da kowa, ya ba shi sabon kati mai sunansa. Wanda ya watsar ba a yi masa terere, sai dai ba a sabunta masa ba.

Ikilisiyoyi da yawa sun juya wannan tsari: ƙofa ƙunci, ciki sakaka. Baƙo sai ya gyara tufarsa da harshensa da aurensa kafin a saki jiki da shi, amma da zarar sunansa ya shiga rajista ba mai sake tambayarsa yadda ransa yake. Mu a ganinmu wannan juyin ya fi kowane rashin kuɗi ko rashin gini hana aikin tafiya.

Wani abu mai kyau ya fito daga mahaƙan da kansu. Waɗanda suka saba kwana a gidan giya suka fara kwana a makarantar suna addu'a da waƙa. Wasu suka ce a hana. Wesley ya karɓe shi ya ba shi tsari, sau ɗaya a wata, daren da ya fi kusa da cikar wata, domin mutane su ga hanyar komawa gida da farin wata. Mutumin da ya bar shan giya an bar shi da dare babu kowa da kuma abokai da suka juya masa baya. Idan ikilisiya ta ce masa ya bari ba ta ba shi abin da zai cike gurbin ba, tsohon wurin yana nan yana jiransa.

Taimakon jiki ma ta hanyar ajin ya bi. A Landan an raba birni kashi 23, aka sa mutum biyu a kowane kashi su riƙa duba marasa lafiya sau uku a mako. A 1746 aka buɗe wurin ba da magani kyauta, aka kuma kafa asusun rance inda mai ƙaramar sana'a zai karɓi har sule 20 ya biya cikin wata uku. Saboda shugaban aji ya san gidan kowa, taimakon yana zuwa inda buƙata take, ba inda aka fi iya roƙo ba.

Inda abin ya yi tuntuɓe

Matsala ta farko ta zo tun 1739: mutane suna faɗuwa ƙasa a tsakiyar wa'azi, suna kururuwa, jiki na karkarwa. Wasu na gaske ne, nauyin zunubi ya danne su. Wasu kwaikwayo ne. Charles Wesley, ƙanen John, ya gano haka, ya sa a riƙa ɗauke mai faɗuwa a kai shi gefe inda ba mai kallo, abin ya ragu. Duk abin da mai wa'azi ya yaba a bainar jama'a, shi zai ƙara gani mako mai zuwa.

Ta biyu ta fi ciwo. Wesley da Whitefield sun saɓa a kan koyarwar zaɓe da ƙaddara, wato ko Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su sami ceto tun fil azal, saɓanin kuma ya sauka a kan sababbin tuba na Kingswood. John Cennick, wanda yake koyarwa da wa'azi a wurin, ya bi ra'ayin Whitefield, a farkon 1741 ƙungiyar ta tsage, kimanin mutum hamsin suka fita tare da shi. Mutanen da shekara biyu baya ba su san addu'a ba aka sa su zaɓi ɓangare a gardamar malamai. Masu haɗa hannu a irin wannan aiki su zauna tun kafin fita su daidaita abin da za su koyar da abin da za su ajiye, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku ita ce zubewa, kuma a nan akwai lissafi da ba kasafai ake samun irinsa ba. A watan Maris 1743 Wesley ya binciki ƙungiyar Newcastle, wani garin kwal a arewacin Ingila, ya rubuta dalilin fitar kowa. Mutum 76 sun tafi da kansu. Goma sha huɗu saboda limamansu sun ce za su hana su Jibin Ubangiji, goma sha biyu saboda iyaye ba su yarda ba, tara saboda miji ko mata, biyar saboda iyayen gidan aiki, bakwai saboda abokai sun zuga su, tara saboda ba za su jure dariya ba, biyar saboda munanan maganganun da ake yi a kan ƙungiyar, uku saboda tsoron rasa tallafin matalauta, uku rashin lokaci, biyu nisa, biyu saboda wani mutum da ba sa so yana ciki. Ɗaya ya ce da sauran lokaci kafin ya fara bauta wa Allah, sauran huɗu kuma kowa da nasa dalili. Wasu 64 kuma an cire su: 17 saboda maye, ɗaya saboda dukan mata, wasu saboda ƙarya, zagi ko faɗa, 29 saboda sakaci da rashin ɗaukar abin da muhimmanci.

A sake karanta jerin farko. Kusan ba wanda ya tafi don ya daina gaskata bishara. Mutane ne suka janye su, na gida, na wurin aiki, na kan titi. Wannan yana gaya wa shugaban aji inda zai sa ƙafarsa. Zumunci a ƙafa yake: a san mijin, a gaishe da iyayen, a nuna musu fuska tun kafin zargi ya taso, kada a sa taro a lokacin da zai haɗa mutum faɗa da mai gidan aikinsa, kada a bar sabon zuwa ya fuskanci dariya shi kaɗai. Kuma a yi abin da Wesley ya yi, a je a tambayi wanda ya tafi dalilinsa, a rubuta. Ikilisiyar da ba ta ƙirga masu fita ta ƙofar baya za ta yi ta murna da masu shiga ta gaba alhali ruwa take zubawa a kwando.

Wesley da masu wa'azinsa sun ma gwada ɗaya hanyar. Na fiye da shekara guda sun yi ta wa'azi a yankin da ke tsakanin Newcastle da garin Berwick ba tare da kafa ƙungiyoyi ba. A babban taronsu na 1748 suka duba sakamako, suka tarar kusan duk irin ya faɗi a bakin hanya, da ƙyar ake ganin 'ya'ya. Daga nan suka tsayar cewa ba za su yi wa'azi inda ba za su iya bi da aji ba. A 1763, bayan ya zagaya Pembrokeshire a ƙasar Wales inda aka yi shekaru ana wa'azi babu tsari, Wesley ya rubuta da zafi cewa tayar da mutane daga barci ba tare da haɗa su a rene su ba haifa wa mai kisa, wato Shaiɗan, 'ya'ya ne kawai. Lokacin da ya rasu a 1791, sunayen da ke cikin azuzuwa a Birtaniya da Ayalan sun haura 70,000, ban da na Amurka. Whitefield ya fi shi murya da jan taro, kowa ya yarda da haka, amma bai bar irin wannan tsari a bayansa ba.

Tsarin yana da nasa haɗari. Shugaban aji mai sakin baki zai kashe aji cikin wata ɗaya, domin magana ɗaya da aka faɗa a ɗaki aka ji ta a waje ta isa ta rufe bakin kowa. Mai son mulki zai mai da tambaya ta zama tuhuma. In aka daɗe kuma, amsoshi kan zama hadda, kowa ya maimaita abin da ya faɗa makon jiya, wanda yana cikin abubuwan da suka raunana azuzuwan a ƙarni na 19. Abin da ke tsare wannan shi ne shugaba ya fara faɗin nasa rauni da gaskiya, shi ma ya kasance yana da wanda yake tambayarsa, kuma a sauya shi in ya gaza ba tare da jin nauyi ba.

Ga ikilisiyar da ke shirin fita

Lissafin daga baya ake fara shi. Kafin a sa ranar wa'azin fili, ko cin abinci tare da baƙi, ko buɗe shafi a intanet, a ƙirga shugabannin aji da ake da su a hannu. Ana neman mutum mai riƙe sirri, mai iya saurare fiye da magana, wanda masu shan giya da masu zagi ba sa sa shi ƙyama, wanda kuma zai iya ba da yamma biyu a mako, ɗaya ta aji, ɗaya ta bin wanda bai zo ba. A haɗa waɗannan su yi aji a tsakaninsu na wata biyu ko uku tare da fasto, domin wanda ba a taɓa tambayarsa yadda ransa yake ba, ba zai iya tambayar wani ba. Kowane shugaba a ba shi mataimaki, wanda zai ɗauki rabi idan ajin ya haura goma sha biyu.

A ranar fita, a rufe da gayyata mai suna da wuri da lokaci: gidan wane, ranar kaza, ƙarfe kaza, cikin makon nan. Cewa "ku nemi coci mai kyau kusa da ku" daidai yake da sallama. Wanda ya ba da sunansa a je masa cikin kwana biyu ko uku, mutum biyu, ziyarar minti goma sha biyar, namiji ga namiji, mace ga mace, ko mata da miji tare. Kada a matsa masa da zuwa sujadar Lahadi tun farko, kada a kawo maganar kuɗi, kada a tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida a watan farko. Idan ya ce ba ya so, a gode masa, a bar shi da mutuncinsa, a ci gaba da gaisuwa. Idan ya fara zuwa sannan ya tsallake mako ɗaya, a leƙa shi kafin mako na biyu, da tambayar lafiya, ba da tuhuma ba. Ranar da ya shirya shiga majami'a, shugaban ajinsa ya biya ya ɗauke shi, ya zauna kusa da shi, ya nuna masa shafin waƙa da lokacin tashi da zama.

Idan shugabanni biyar ne a shirye, mutum sittin ikilisiya za ta iya riƙewa. Idan biyu ne, ashirin da huɗu, kuma sai a zaɓi titi ɗaya ko wurin aiki ɗaya a koma masa mako-mako, a ɗage babban taron zuwa lokacin da mataimakan nan biyu suka isa riƙe nasu ajin.